Fitilun Ado a Lokacin Bukukuwa: Yadda Za a Haɗa Su Ba Tare da An Jawo Gobara Ba

Da zarar watan Rabi'ul Awwal ya kama, unguwanni da yawa a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram sukan ɗauki haske. Matasa su hau tsani su zagaye ƙofar makarantar Islamiyya da bangon masallaci da igiyoyin ƙananan fitilu masu walƙiya, kore da ja da ruwan ɗorawa. Idan Disamba ta zo, gidajen Kiristoci da majami'u a Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano su ma sukan sha irin wannan ado saboda Kirsimeti. Haka rumfar biki, da ɗakin amarya, da shagon ɗinki a daren Sallah. Abin yana da ban sha'awa, kuma babu laifi mutum ya ƙawata gidansa ranar farin ciki.

Sai dai wannan siririyar waya da yara ke wasa da ita, wutar da ke cikinta ita ce dai wutar da ke tafasa ruwa a hita, take kuma juya injin markaɗe. Yawancin haɗarin fitilun ado ba daga ƙwan fitilar yake tasowa ba. Yana tasowa ne daga wuraren da aka haɗa: inda igiya ta haɗu da igiya, inda filogi ya shiga soket, da inda aka murɗe waya da waya aka naɗe da leda. Wanda ya kula da mahaɗa, ya kuma san iyakar nauyin da wayarsa za ta ɗauka, ya kauce wa mafi yawan masifar.

Daga kyandir zuwa lantarki

Tarihin waɗannan fitilu ma tsoron gobara ne ya yi masa jagora. A Jamus da sauran ƙasashen Turai, kyandirori ake kunnawa a jikin bishiyar Kirsimeti, a ajiye bokitin ruwa kusa saboda ko ta kwana. A 1882 wani abokin aikin Thomas Edison mai suna Edward Johnson ya naɗa ƙananan ƙwayayen lantarki 80 a jikin wata bishiya a gidansa da ke birnin New York. A zamanin shugaban Amurka Grover Cleveland aka kunna irinsu a Fadar White House, sannan a farkon ƙarni na 20 kamfanin General Electric ya fara sayar da su a haɗe, sai dai kawai a jona. Lantarki ya kawar da harshen wutar kyandir, amma ya zo da nasa haɗarin, wanda ya fi na kyandir ɓuya, domin waya takan yi zafi a bayan labule babu wanda ya gani.

Abin da ke faruwa a cikin waya

Kowace waya tana da iyakar wutar da za ta iya ratsa ta. Idan aka wuce wannan iyaka sai jan ƙarfen da ke ciki ya ɗauki zafi, robar da ta lulluɓe shi ta yi laushi, ta narke, wayoyi biyu su haɗu, tartsatsi ya tashi. Wayar fitilun ado siririya ce ƙwarai, an yi ta ne don ɗaukar ɗan nauyi kaɗan.

Idan mutum ya jona igiya ta biyu a wutsiyar ta farko, ya jona ta uku a wutsiyar ta biyu, haka har goma, to wutar da dukkansu za su ci ta cikin igiyar farko za ta bi. Kamar zauren gida ne: duk mai shiga kowane ɗaki, ta nan zai wuce. Shi ya sa zafi yakan fara ne daga kusa da soket, ba daga ƙarshen layi ba, kuma shi ya sa masu ƙera fitilun suke rubuta a jikin kwali ko a wata 'yar takarda da ke manne da wayar adadin igiyoyin da za a iya jonawa.

A Amurka, inda ake yawan wannan ado, hukumar gwajin kaya ta UL ta sa iyakar kusan wat 210 ga igiyoyin siririyar waya da aka jona baki da wutsiya. Igiya mai ƙananan ƙwayaye 100 irin na da, masu zare a ciki, takan ci kusan wat 40, ke nan biyar sun kai iyaka. Masu faɗakarwa a can sun daɗe suna cewa kada a wuce uku, don a bar rata. Fitilun LED kuwa suna cin ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da na da ke ci, ba sa zafi sosai, don haka ana iya jona da yawa daga cikinsu. Duk da haka su ma suna da iyaka, kuma abin da ke rubuce a kwali shi ne hukunci. Idan babu rubutu ko kaɗan, kada a jona wata a kanta. A ba kowace igiya nata ramin soket.

Lissafin ba shi da wuya. A duba wat nawa kowace igiya ke ci, a tara su, a gwada da iyakar da aka rubuta. Kada kuma a gauraya LED da irin na da a layi guda, domin wayar LED ba a yi ta don nauyin waɗancan ba.

Ƙarfin wutarmu ba ɗaya yake da na Amurka ba

Wannan wuri ne da masu sayen kayan gwanjo da masu karɓar tsaraba daga waje ya kamata su tsaya su karanta da kyau. Wutar gida a Najeriya da Ghana bolt 230 ce, a Nijar da Kamaru bolt 220, alhali ta Amurka da Kanada bolt 120 ce. Fitilar da aka yi don Amurka, idan aka jona ta a nan, ta sami kusan ninki biyu na ƙarfin da aka yi ta dominsa. Wani lokaci ta yi haske mai tsanani ta mutu nan take, wani lokaci kuma ta yi zafi ta kama. Ɗan adaftan nan da ake saye don filogi mai ƙafafu fale-fale ya shiga soket ɗinmu, siffar baki kawai yake canjawa, ba ya rage ƙarfin wuta ko kaɗan. A duba rubutun: idan an sa 220–240V, ko 100–240V, ta dace da mu. Idan 120V ko 110V kaɗai aka rubuta, ba ta dace ba.

Kada a yanke, kada a yi ƙari

Ƙananan ƙwayayen da ke jikin igiya a jere suke, wuta tana ratsa ɗaya ta shiga na gaba, kowanne yana ɗaukar ɗan rabonsa. Idan ƙwayaye 100 suka raba bolt 230, kowanne ya sami bolt biyu da ɗoriya. Wanda ya yanke igiyar biyu don ta yi daidai da tsawon ƙofarsa, ya jona rabi, to ya ninka wa kowane ƙwai rabonsa. Irin na da kuma suna da wata dabara a ciki: idan ƙwai ya ƙone, wuta takan tsallake shi don sauran su ci gaba da haske, amma rabonsa yana komawa kan waɗanda suka rage. Da an bar matattun ƙwayaye sun yi yawa, sauran za su riƙa mutuwa da sauri, suna ƙara zafi. A canja wanda ya mutu da irinsa daidai, bayan an zare filogi.

Fitilun LED da yawa suna zuwa da ɗan akwati a wajen filogi wanda ke sauke wutar gida zuwa ƙaramin ƙarfi, kamar bolt 24 ko 31. Idan akwatin nan ya lalace, wasu sukan guntule shi su jona wayar kai tsaye a soket. Wannan ganganci ne babba, domin wayar da robarta ba a yi su don wutar gida ba. Irin waɗannan masu ƙaramin ƙarfi, tare da masu aiki da batir ko hasken rana, su suka fi dacewa da gidan da ke da ƙananan yara.

Haɗe-haɗen da ke kisa

Akwai ɗabi'u uku da suka zama ruwan dare, kuma kowacce ta isa ta hallaka mutum.

Ta farko ita ce cusa tsirarar waya a ramin soket a tokare da tsinken ashana. Wayar ba ta kama da kyau, tana motsi tana tartsatsi, wurin yana zafi har soket ya yi baƙi. Ga shi kuma an tsallake fis. Filogi mai ƙafa uku irin na Ingila da ake amfani da shi a Najeriya da Ghana yana da ɗan fis a ciki, wanda aikinsa shi ne ya tsinke kafin waya ta ƙone. Fis mai amfiya 3 ya ishi fitilun ado. Idan ya tsinke, akwai dalili. Maye gurbinsa da takardar taba mai ƙyalli ko guntun waya, kashe mai gadi ne.

Ta biyu ita ce murɗe waya da waya a naɗe da baƙar leda ko salatif na takarda. Irin wannan haɗi yana kwancewa da ɗan ja kaɗan, rana tana busar da shi, ruwa yana shigarsa. Idan haɗi ya zama dole, mai gyaran wuta ya yi shi da mahaɗin waya mai kusoshi, a cikin akwatinsa.

Ta uku ita ce waya mai filogi a kai biyu. Yakan faru mutum ya gama rataye fitilunsa kaf, sai ya tarar ya fara ta baya: wutsiyar igiya ce ta zo kusa da soket, filogi yana can nesa. Maimakon ya sauke ya sake, sai ya haɗa guntuwar waya mai filogi nan da can. Da an soka kai ɗaya a bango, ƙafafun ɗaya kan suna tsirara ɗauke da cikakkiyar wuta, haka ma filogin da ke reto a ɗaya ƙarshen igiyar. A watan Satumba na 2022 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta gargaɗi jama'a su daina amfani da irin wannan waya da ake sayarwa ta intanet, su jefar da ita. A nan ma ana yin irinta don tura wutar janareta cikin gida ta ramin soket, abin da kan iya mayar da wuta kan layin waje ya kashe ma'aikacin da ke bisa turke. Maganin abin mai sauƙi ne: a fara ratayewa daga wajen soket, a nufi nesa. Janareta kuma a haɗa shi da gida ta makunnin sauya layi wanda gwani ya sa.

Soket da wayar ƙari

Soket mai amfiya 13 yana ɗaukar kusan wat 3,000 gaba ɗaya. Fitilun ado kaɗai ba su cika kai wannan ba, amma ranar biki a wayar ƙari guda ake jona lasifika da fanka da firji da dutsen guga, wani lokaci har da hitar ruwa, wadda ita kaɗai takan ci wat 2,000 ko fiye. Wayoyin ƙari masu arha kuwa, 'yan silin ƙarfe ƙalilan ne a cikinsu, ba su kai abin da aka rubuta a jikinsu ba. Kada a jona wayar ƙari a kan wata wayar ƙari. Idan mai naɗi ce a kan ƙwarya, a warware ta duka, domin a naɗe zafi yake taruwa. Kada a bi da ita ƙarƙashin darduma ko katifa, ko ta tsakanin ƙofa da dokinta inda za ta matse.

Bayan an kunna da kamar minti goma sha biyar, a taɓa bayan filogi da robar waya da hannu busasshe. Idan akwai zafi, ko warin roba, ko ƙarar tartsatsi, a kashe nan take.

Damina da hunturu

Kalandar Musulunci tana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2024 da 2025 Maulidi ya faɗo a watan Satumba, kuma a shekarun da ke biye da su yana ƙara shiga tsakiyar damina. Ke nan ado na waje zai riƙa haɗuwa da ruwan sama. Fitilar da aka yi don cikin ɗaki ba ta jure ruwa. Ta waje ana rubuta mata alamar IP44 ko lamba sama da haka. Ko da irinta ce, a ɗaga mahaɗai daga ƙasa, a sa su inda ruwa ba ya taruwa, a nisanta su da indararo da wurin alwala da bakin rijiya.

Babban abin tsoro a waje shi ne ƙarfe. Idan aka naɗa igiya a ƙofar ƙarfe, ko sandunan rumfa, ko bakin kwanon rufi, kaifinsa yana cin robar a hankali, musamman idan iska tana kaɗawa. Ranar da ya kai ga jan ƙarfen ciki, ƙofar gaba ɗaya ta ɗauki wuta, kuma yaron da ya dafa ta ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa shi zai fara sani. Kada a kafe waya da ƙusa ko a ɗaure ta da wayar ƙarfe. A yi amfani da maɗaurin roba ko zare. Akwai na'ura da ake kira RCD, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta ji wuta ta zurare ta wata hanya, kamar ta jikin mutum. Mai lamba 30mA ita ce ta kare rai. Kowace makaranta da masallaci da majami'a da ke ado a waje ta cancanci a sa mata ita.

Kirsimeti kuwa a hunturu take zuwa, lokacin da komai ya bushe ƙamas, iska kuma tana hura wuta. A nisanta fitilu da labule da zana da katifar soso da furannin takarda da auduga. Bishiyar ado, ta roba ce ko ɗanya da ta bushe, kada ta tsaya kusa da murhu ko kyandir, kada kuma ta tare ƙofar fita.

Mai hawa tsani ya ɗaga kai ya duba wayoyin turke tukuna. Manyan layukan da ke ratsa unguwanni suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, kuma ba sai an taɓa su ba, kusantarsu ma da tsanin ƙarfe ko doguwar sanda ya isa. Satar wuta daga turke don haska titi ranar biki laifi ne, kuma layi ne da babu fis ko makunnin da zai kare kowa.

Ɗauke wuta da kawo ta

Muna da wata matsala da ƙasashen da ke ƙera fitilun nan ba su cika sani ba. Ana ɗauke wuta da yamma, mutane su kwanta sun manta komai a kunne. Can cikin dare a kawo ta, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce ƙima, babu wanda ke farke. Saboda haka idan an ɗauke wuta, a zare filogin fitilu kamar yadda ake kashe dutsen guga. Haka idan za a kwanta ko za a fita. A gida ko makaranta a ɗora wa mutum ɗaya babba alhakin kashewa, don kada kowa ya zaci wani ya yi.

Wajen saye da wajen ajiya

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zauna daram. A zaɓi fitila mai kwali, mai sunan kamfani, mai bayanin bolt da wat. A Najeriya hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, kuma ana iya kai mata ƙorafin jabu. A ja waya a hankali a wajen filogi: idan tana neman zarewa, a bar ta a kanti. Ta bara da aka ciro daga ajiya a shimfiɗa ta a ƙasa a bi ta taƙi-taƙi, domin ɓera yana cin roba, zafin ɗaki kuma yana sa ta tsage. Wadda ta tsage, a yanke filoginta a jefar, kada wani ya tsinta. Bayan biki a sauke su, a naɗe a jikin kwali, a ajiye a busasshen wuri. Ba a yi su don su shekara a rana ba.

Fitilu masu aiki da ƙaramin batir mai kama da kwabo suna buƙatar ido na musamman. Idan yaro ya haɗiye batirin, yana iya ƙona maƙoshinsa cikin sa'o'i biyu. A garzaya asibiti ko da yaron bai nuna alamar ciwo ba.

Idan abin ya faru

Idan waya ta kama, a fara kashe babban makunnin gida ko janareta. Kada a watsa ruwa matuƙar wuta tana kan layi. A yi amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda, ko yashi. Idan ta fi ƙarfi, a fitar da kowa, a kira 'yan kwana-kwana: 112 a Najeriya, 18 a Nijar.

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe makunni, in ba hali a ture wayar da busasshiyar sanda ana tsaye a busasshen wuri. Wannan na wutar gida ne. Idan babban layin turke ne, kada kowa ya matsa, a kira kamfanin wuta. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa ko madara. Idan ba ya numfashi, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri har taimako ya zo. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti, saboda lantarki yana taɓa bugun zuciya, yana kuma ƙuna ta ciki.

Kira ga iyaye da shugabannin unguwa

Akasari matasa ne ke wannan aiki, cikin ɗoki da kyakkyawar niyya, amma ba su san abin da ke cikin waya ba. Alhakin yana wuyan magidanta da malaman makarantu da kwamitocin masallatai da majami'u da masu unguwanni. A cikin kuɗin da aka tara don ado, a ware na mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa, ya zo ya duba kafin a kunna. Ana yawan cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ba a hana mu ɗaukar mataki ba, kuma rigakafi ya fi magani.

Mai karatu, kafin ka jona fitilun bana, karanta abin da ke jikin kwali, ƙirga igiyoyinka, duba kowane mahaɗi, ka kuma kashe kafin ka kwanta. Ka isar da wannan saƙo ga maƙwabcinka, domin gobara ba ta tsayawa a katangar wanda ya jawo ta. Allah Ya kare mu da iyalanmu, Ya sa mu yi bukukuwanmu lafiya.